Yadda Ake Amfani da Murhun Gas na Ɗumama Falo Cikin Aminci

A gidaje da yawa na Amurka da Kanada da Birtaniya akwai murhu da ake ginawa a jikin bangon falo domin ɗumama ɗaki lokacin hunturu. A da itace ake ƙonawa a ciki, amma yanzu an mayar da da yawa daga cikinsu masu aiki da gas. Ana jera wasu gumagumai na kwaikwayo da aka yi da tangaran ko siminti mai jure wuta, a ƙarƙashinsu kuma akwai bututu mai ƙananan ramuka inda gas ke fitowa, idan an kunna sai harshen wuta ya riƙa tashi a tsakaninsu. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya kama hayar gida a can yakan tarar da irin wannan murhu ba tare da an yi masa wani bayani ba, iyaka a nuna masa makunni a bango ko a miƙa masa rimot. Wannan sauƙin kunnawa shi ke sa a raina shi, alhali haɗarinsa bai tsaya ga harshen wutar da ido ke gani ba. Yana cikin iskar da ake shaƙa, da gas ɗin da zai iya yoyo, da kuma gilashin gabansa wanda ke ɗaukar zafi mai tsanani.

Mataki na farko: a san irin murhun da ke gidan

Wannan shi ne matakin da kowane mataki ya rataya a kansa, domin ƙa'idar da ke kare mai wani iri tana iya zama kuskure ga mai wani irin. Murhun gas iri uku ne.

Na farko shi ne wanda aka zauna da shi a cikin tsohon murhun itace, gabansa a buɗe, hayaƙinsa kuma yana fita ta doguwar hanyar hayaƙi da ta ɓulla saman rufin gida. A maƙogwaron wannan hanya akwai marfin ƙarfe da ake buɗewa da rufewa da hannu. Duk lokacin da wuta ke ci dole ne marfin nan ya kasance a buɗe gaba ɗaya, shi ya sa masu haɗa murhun ke ɗaura masa wani ɗan ƙarfe da ke hana shi rufuwa ruf. Wasu sukan cire wannan ƙarfe saboda suna jin sanyi na shigowa ta wurin, kuma wannan ganganci ne babba, domin ranar da aka manta aka kunna wuta marfin na rufe, duk abin da ya kamata ya fita waje cikin falo zai dawo.

Na biyu shi ne mai gilashi a rufe ruf. Yana da hanyoyi biyu, galibi bututu ɗaya a cikin ɗaya, da suka fita ta bango ko ta rufi: ɗaya na jawo iska daga waje domin wutar ta ci, ɗaya kuma na fitar da hayaƙin. Iskar ɗaki ba ta haɗuwa da wutar ko kaɗan muddin gilashin lafiyarsa ƙalau kuma yana zaune daidai a mazauninsa. A ganina wannan ne ya fi dacewa da gidan da ke da yara ko mai ciwon asma, kuma wanda yake da zaɓi wajen saye ko kama haya ya fifita shi.

Na uku ba shi da hanyar hayaƙi sam. An ƙera shi ne ya ƙona gas ƙonawa mai tsabta, sannan ya saki zafinsa da duk abin da ya rage cikin ɗakin. Yana da wata na'ura da ke kashe gas idan iskar oksijin ta ɗakin ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari, wanda shi ne yadda take a iskar waje, zuwa wajen kashi 18. Ya kamata a lura cewa oksijin take aunawa, ba gubar kabon monoksaid da ake tsoro ba. Jihar Kalifoniya ta hana amfani da wannan iri a cikin gida, Kanada ma ba ta amince da shi ba, wasu garuruwan Amurka kuma suna da nasu sharuɗɗan. Inda aka yarda da shi, ƙa'ida ta taƙaita ƙarfinsa zuwa BTU 40,000 a sa'a (BTU ma'aunin yawan zafi ne), a ɗakin kwana kuma BTU 10,000 kacal.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A ƙasan murhun, bayan wani ɗan murfi mai raga inda makunnai suke, akwai farantin ƙarfe da aka rubuta sunan kamfani da lambar samfuri da irin gas ɗin da yake sha. Da wannan lamba ake samun littafin umarninsa a intanet idan babu shi a gidan. A karanta littafin, domin inda ya saɓa da duk wani bayani na gaba ɗaya, har da wannan, maganarsa ake bi. A duba kuma irin gas ɗin: akwai na bututu da kamfani ke turowa gida, wanda ya fi iska sauƙi don haka sama yake tashi, akwai kuma na tanki ko tukunya, wato furofen, wanda ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasa ya taru a lungu. Ba a haɗa murhun da aka yi domin ɗaya da ɗayan.

Mataki na biyu: abin da za a yi kafin kunnawar farko

Kada a kunna murhun da ba a san ranar da ma'aikaci ya duba shi ba. A Birtaniya doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe, wato jerin ma'aikatan gas da doka ta amince da su, ya duba kayan gas na gidan duk shekara, ya kuma ba ɗan haya takardar shaidar dubawar, saboda haka neman wannan takarda haƙƙi ne, ba rashin kunya ba. A Amurka dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, amma shawarar masana kashe gobara ɗaya ce: a duba murhu da hanyar hayaƙinsa sau ɗaya a shekara. Ma'aikacin zai gwada mahaɗar bututu ko akwai yoyo, ya share ramukan da gas ke fitowa, ya leƙa hanyar hayaƙi ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ya kuma tabbatar gumaguman suna zaune yadda kamfani ya tsara. Gizo-gizo ma yakan yi saƙa a cikin siririn bututun 'yar wutar kunni, wato ƙaramar wutar da ke kunna babbar, lokacin zafi, har ya hana ta kamawa.

Sai na'urar gargaɗi, wadda ban ga uzurin da zai sa a kunna murhun gas ba tare da ita ba. Idan gas bai ƙone sosai ba yana haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. Ita ce dai gubar da ke hallaka iyalai a Najeriya idan aka kwana da janareta a cikin gida, ko aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin sanyi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mutane sama da 400 ne ke mutuwa duk shekara a ƙasar sanadin wannan guba, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su. A saka na'urar a kowane hawa na gidan da kuma kusa da ɗakunan kwana, yadda ƙararta za ta tashi mai barci. A Ingila, tun daga 1 ga Oktoba 2022, wajibi ne mai gidan haya ya saka ta a duk ɗakin da ke da kafaffen abin ƙona makamashi, in ban da murhun girki na gas. A danna maɓallin gwajinta duk wata, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a bayanta, domin ba ta wuce shekara biyar zuwa goma, gwargwadon irinta. Na'urar gano hayaƙin gobara daban ce, ba ta maye gurbinta, sai dai idan an rubuta cewa ta haɗa aikin biyu.

A kuma nemi famfon da ke rufe gas ɗin murhun, a nuna wa kowane babba a gidan. Idan hannun famfon ya miƙe tare da bututu, a buɗe yake. Idan ya gicciye shi, a rufe yake.

Mataki na uku: kunnawa

Da farko a kawar da duk abin da ke iya kamawa da wuta daga gaban murhun har tazarar kusan mita ɗaya: darduma, kujera, labule, kwandon kaya, takardu. Idan irin na farko ne, mai buɗaɗɗen gaba, a leƙa da tocila a ga marfin a buɗe da ido, kada a dogara da zato. Sannan a sunkuya a shinshina kusa da ƙasa. Gas ba shi da wari a asalinsa, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin a gane yoyo. Idan an ji wannan wari, maganar kunnawa ta ƙare a nan.

Sababbin murhu suna kunna kansu da lantarki, danna makunnin bango ko rimot ya wadatar. Masu tsohon tsari kuwa suna da wata 'yar wuta ƙarama da ke ci kullum, ita ce ke kunna babbar, kuma ita ake fara tayarwa a farkon hunturu. A ƙasan murhun akwai abin murɗawa mai rubutu uku: OFF, PILOT da ON. A murɗa shi zuwa OFF, a jira minti biyar cikakku domin duk gas ɗin da ya taru ya watse. Daga nan a murɗa zuwa PILOT, a danna shi ciki a riƙe, sannan da ɗaya hannun a riƙa danna maɓallin tartsatsi, wanda galibi ja ne ko baƙi, har 'yar wutar ta kama. Kada a saki da zarar ta kama. A ci gaba da riƙewa daƙiƙa 30 zuwa 60, domin akwai wani ɗan ƙarfe a gefenta da dole ya yi zafi kafin ya yarda gas ya ci gaba da zuwa, kuma shi ne ke rufe gas ɗin da kansa idan wutar ta mutu babu kowa a wurin. Idan an saki a hankali wutar ta tsaya, sai a murɗa zuwa ON, a ja da baya, a kunna babbar wutar.

Idan 'yar wutar ta mutu bayan an saki, a koma OFF a sake jiran minti biyar ɗin nan. Mutane sukan gaji da wannan jira su ci gaba da dannawa, gas na taruwa a cikin akwatin murhun, sai ya kama gaba ɗaya da ƙarfin da ke iya fasa gilashi ko ƙona fuska. Idan an gwada sau biyu ko uku ba ta tsaya ba, a rufe famfo a kira ma'aikaci. Haka nan idan abin murɗawar ya ƙi juyawa da hannu, ba a sa masa filaya, ba a kuma ɗaure shi da wani abu domin ya zauna a danne.

Akwai wasu tsofaffin murhu masu hanyar hayaƙi da ake buɗe gas ɗinsu da mabuɗin ƙarfe a wani rami da ke bango ko daɓe, a kunna su da ashana. A irin waɗannan, wuta ce ke riga gas: a kunna doguwar ashana ko doguwar leta, a kai ta bakin bututun, sannan a murɗa mabuɗin kaɗan kaɗan. Yawancinsu ba su da na'urar da ke rufe gas idan wuta ta mutu, don haka ba a barin mabuɗin a raminsa inda yaro zai kai hannu.

Sabon murhu, ko wanda ya daɗe ba a kunna ba, yakan yi ɗan ƙauri na fenti ko ƙura a sa'o'in farko. A buɗe taga har ya wuce. Wannan ƙauri daban yake da warin gas, kuma idan ya ƙi gushewa bayan an yi amfani da murhun sau da dama, abin a duba ne.

Mataki na huɗu: lokacin da wuta ke ci

Ba a barin murhun yana ci a fita, ba a kuma kwana da shi. Mai buɗaɗɗen gaba da wanda ba shi da hanyar hayaƙi, waɗannan biyu musamman ba a yi su domin ɗumama gida dare da rana ba. Wanda ba shi da hanyar hayaƙi ana kunna shi na 'yan sa'o'i ne, da ƙofar ɗaki a buɗe ko taga a ɗan sassauta, gwargwadon abin da littafinsa ya faɗa. Yana kuma fitar da tururin ruwa mai yawa, don haka idan aka ga tagogi suna zufa, ɗakin na neman iska.

A koyi kallon harshen wutar. An saba cewa wutar gas mai kyau shuɗiya ce, rawaya kuma alamar matsala ce, amma wannan ƙa'idar murhun girki ce, ba ta hau kowane murhun falo ba. Masu hanyar hayaƙi an tsara su ne su ba da wuta rawaya domin ta yi kama da ta itace. Abin lura shi ne sauyi: wutar da ta koma ja-ja tana lilo ba ƙarfi, ko tana tashi daga kan bututu tana yawo, ko kunkunniya da ta fara taruwa a gilashi da bango da silin. A murhun da ba shi da hanyar hayaƙi, baƙin hayaƙi ko kaɗan ne dalili ne na kashewa nan take.

Kada a taɓa jerin gumaguman. Kamfani ya ba kowane gungume mazauninsa yadda harshen wuta zai bi ta tsakaninsu, kuma idan aka matsar da ɗaya domin ya fi kyan gani har ya tare wutar, ƙonewar gas ta lalace, kunkunniya da guba su ƙaru. Ba a jefa itace ko takarda ko shara a ciki. Ba a gasa masara ko nama a kai, domin maiƙo na toshe ramukan gas. Turaren wuta ma ba a ɗora shi a kan gumaguman, kuma a ɗakin da ke da murhu marar hanyar hayaƙi gara a bar turare da feshin ƙamshi da maganin sauro sai an kashe wutar, saboda murhun na jan iskar ɗakin ne ya ƙona ya mayar, duk abin da ke cikinta kuma yana dawowa da wani wari mai hawa kai. Shanya kaya a gabansa ko a kan katakon samansa haɗari ne da aka sha gani, haka kuma kusantar buɗaɗɗiyar wuta da doguwar riga ko hijabi ko mayafi mai jan ƙasa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne fankar kicin mai zuƙe hayaƙin girki. A gidan da aka toshe ko'ina saboda sanyi, fanka mai ƙarfi tana iya jawo iska ta hanyar hayaƙin murhu zuwa cikin gida, sai hayaƙin ya juyo baya. Idan za a kunna su tare, a ɗan buɗe taga. Bayan an yi dusar ƙanƙara mai yawa kuma, a fita a duba bakin bututun da ya ɓulla ta bango, a share abin da ya toshe shi kafin a kunna.

Gilashi da yara

Gilashin gaban murhu yana iya wuce digiri 200 a ma'aunin salshiyos, ya kuma ci gaba da zafi sama da rabin sa'a bayan an kashe wutar, lokacin da babu wata alama da za ta gargaɗi kowa. Yaron da ke koyon tafiya yakan dafa shi da tafin hannu biyu, kuma ba ya da saurin janyewa, ƙunar da ke biyo baya takan kai ga tiyata. Saboda yawan irin wannan ne, tun daga 1 ga Janairu 2015, aka wajabta wa sababbin murhu masu gilashi a Amurka da Kanada su zo da ragar kariya a gabansu. Kada a cire wannan raga. Idan murhun ya girmi wannan ƙa'ida, a nemi raga daga kamfaninsa, ko a kewaye shi da shingen yara da ake kafewa a bango. Rimot kuma a ajiye shi sama. Idan ƙuna ta faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja, sannan a kai yaron asibiti.

Idan an ji warin gas, ko na'ura ta yi ƙara

Idan warin gas ya yi ƙarfi, ko ana jin sautin fitarsa, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a kunna ashana, kada a yi waya a cikin gidan. A fitar da kowa, a bar ƙofa a buɗe, a rufe famfon gas idan yana kan hanya kuma ba sai an ɓata lokaci ba. Daga waje a kira kamfanin gas ko 911 a Amurka da Kanada. A Ingila da Sukotland da Wales lambar gaggawa ta gas ita ce 0800 111 999. Ba a komawa ciki sai ma'aikata sun ce a koma. Idan kuwa ɗan zargi ne kawai a kan wata mahaɗa, ruwan sabulu ake shafawa a ga ko zai yi kumfa, ba a gwada yoyo da wuta.

Na'urar gano guba a Amurka takan yi ƙara huɗu a jere ta ɗan tsaya ta sake, ta gobara kuma uku. Idan ta yi, a kashe murhun, a fita da kowa zuwa iska, a kira agaji, ko da babu wanda ke jin komai a jikinsa. Cire batirinta domin ta yi shiru shi ne mafi munin abin da za a yi. Alamomin gubar suna kama da na mura ko gajiya: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, amma babu zazzaɓi. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu a lokaci guda, ko ciwon kan na sauƙi idan an fita ya dawo idan an shigo, a zargi iskar gidan, a kuma gaya wa likita wannan zargi a fili domin ya yi gwajin jini da ya dace. Mai ciki da jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne gubar ta fi saurin kamawa.

Mataki na ƙarshe: kashewa da kulawa

Kashewar yau da kullum ita ce kashe babbar wutar da makunni ko rimot, a tsaya a ga ta mutu. A mai buɗaɗɗen gaba, idan 'yar wutar kunni na ci gaba da ci, marfin bai kamata ya rufu ruf ba. Gilashi kuma ba a goge shi sai ya huce sarai, da ƙyalle mai laushi da man gogewa da aka yi domin murhun gas, ba mai sinadarin amoniya ba, domin wannan na ɓata fuskarsa. Idan an cire shi domin gogewa, a tabbatar ya koma mazauninsa kuma duk maƙallansa sun kama. Gilashin da ya tsage, ko da tsagar siririya ce, ya hana kunna murhun har sai an sauya shi da na kamfaninsa, ba gilashin taga ba. Murhun da ruwa ya taɓa shiga kayan aikinsa, kamar bayan ambaliya, shi ma ba a kunna shi sai ma'aikaci ya gani.

Idan hunturu ya wuce, ko za a yi doguwar tafiya, a murɗa abin murɗawar zuwa OFF, a rufe famfon gas, a cire batiran rimot da na akwatin da ke karɓar saƙonsa a ƙasan murhun domin kada su zube su ci ƙarfen. Ma'aikacin dubawa kuma a nemi shi tun a watan Agusta ko Satumba, kafin sanyi ya shigo layinsa ya yi tsawo.